Ƙaramar Fuska Marar Sheƙi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙanenki, ya sa ya huta. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Na gwada, Yaya. Da na ji muryarki sai mu ɓige da ya gida ya yara. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna da allura ya saba.

Shekaranjiya na gane abin da ya faru da shi.

Ƴarmu Ƴar Baba ce ta kira daga makaranta, ta ce in kunna tsohuwar kwamfutarsa in tura mata hotunan da suka ɗauka tare. Tun rasuwar ban taɓa ta ba, tana kan teburinsa yadda ya bar ta. Kin san fuskar kwamfutar nan faɗi gare ta. To duk abin da ke kanta ya tattara shi a tsakiya, kamar an tara tsaba a tsakiyar tire, gefe da gefe kuma fayau. Takardar da yake bugawa ta ƙarshe ya matse ta, ta zama siririya. Ƴar kibiyar nan da ake nuna abu da ita kuwa ya mai da ita ƙatuwa, rawaya.

Na zauna ina kallo. Ban san me ya sa ba, sai na naɗe hannuwana kamar bututu na ɗora a idanuna na leƙa. Yaya, daidai wa daida. Abin da ya tara ɗin shi kaɗai nake gani. Na tashi a haka na nufi ƙofa, sai kafaɗata ta hagu ta bugi katakon, daidai inda fentin ya goge. Sau nawa na ji ya bugi wurin nan, ina ce masa, "Ƙofar ma faɗa kake da ita?" Ƙanenki ba ya gani ta gefe, kuma ya daɗe a haka.

Tun bara yake neman sabuwar laftof don aikinsa na buga wa ɗalibai takardu. Duk Asabar sai ya ja ni shagon da ke tsallaken babban titi. Mai shago ya jera masa su a kan kanta, a kunna su duka, shi kuma ya hau tambayata. "Ke ce mai ido, ke da kike raba ja da ja a zare. Wacce ta fi haske? Baƙin wannan baƙi ne ko toka-toka? Kina ganin fitilar shago a cikinta?" In na ce ina gani sai ya ce a ɗauke, ba ya son mai sheƙi. In aka kawo babba ya ce a kawo ƙarama. Har na ce masa, "Kowa na neman babba, kai kana neman ƙarama. In rowa ce ka faɗa mu huta." Ya yi dariya ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Mu dawo hannu rabbana, wata Asabar a sake.

In za mu tsallaka titin nan yakan riƙe gwiwar hannuna. Ni kunya nake ji, in ce, "Sake ni mana, mutane na kallo, mu ba yara ba." Na ɗauka shauƙin tsufa ne.

Ranar da abin ya faru ina fama da kayan makaranta da na yi alkawarin gamawa. Ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Taso mu je, yau ce ta ƙarshe, na yanke shawara." Ban ko ɗaga kai daga kan keken ɗinki ba. Na ce, "Je ka kai kaɗai, ai kana da ido."

Ita ce maganata ta ƙarshe da shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Direban motar burodin nan da ta buge shi yana tsare, wata mai kamawa za a shiga kotu. Tun ranar farko yake cewa mutumin ne ya shigo masa titi kamar bai ga motar ba, mu kuma muka ce ƙarya yake. Ina so in je wurin ɗan sandan da ke binciken in gaya masa abin da na gani. Amma ke ce babba, ke kika tsaya a kan shari'ar nan, ba zan taka ba sai da saninki.

Ki gaishe da mutanen gida. Na bar ki lafiya.

Matar ƙanenki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ni, na karanta, na kuma maimaita. Ƙafa da sauƙi, sai dai har yanzu ba na iya doguwar tafiya a mota. Ina fata kina cin abinci, don na ji an ce kin rame.

Zan yi miki magana a matsayin wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ba a gano cuta ta hanyar naɗe hannu a leƙa. Mutum yana iya tara kayan aikinsa a tsakiya don haka ya fi masa daɗi. Auta tun yana yaro haka yake, komai nasa a jere wuri ɗaya, in kika taɓa masa fensir sai an yi kuka. Karo da ƙofa kuwa, wane ne bai taɓa yi ba? Mai baƙin ciki duk inda ya duba laifinsa yake gani. Na ga irin wannan a asibiti ba iyaka.

Maganar da kika faɗa masa a bakin ƙofa, ki sauke ta daga ranki. Babu matar da ba ta gaya wa mijinta wadda ta fi ta zafi ba kafin a karya kumallo. Kwana ne ya ƙare.

Amma batun zuwa wurin ɗan sanda, ban amince ba. Ni na goyi Auta bayan rasuwar Inna. Ba zan zauna ina ji a miƙe a kotu a ce makaho ne da ya ɓoye makantarsa, yana karɓar aikin mutane yana yaudararsu, ya kuma jefa kansa gaban mota ba. Ba ya nan balle ya kare kansa. Direbobin nan kin san gudun da suke yi da safe. Wanda ya ɗauki rai ya tsaya gaban alƙali, in yana da gaskiya ai za ta fitar da shi ba sai da taimakonki ba.

Ki kuma tuna da Ƴar Baba. Yarinyar da tun ranar ko burodi ba ta iya kai wa bakinta, me za ki ce mata? Ki bar ta ta gama jarrabawa da abin da ta riƙe.

Ki bar kotu ta yi aikinta, ke kuma ki yi ɗinkinki, ki yi masa addu'a. Na haɗo miki da man zafin da kike so saboda bayanki.

Wassalam.

Yayarki

*

Zuwa ga Mai Shagon Kwamfuta,

Sallama da gaisuwa, ya kasuwa? Ni ce telar da take rako mai buga takardun nan duk Asabar, wadda take zama a kan kujerar roba tana tsaki. Na gode da zuwan da ka yi gaisuwa, ranar ban iya yi maka magana ba.

Da kaina ya kamata in zo, amma har yau ban iya tsallaka titin nan ba. Maƙwabciyata ce za ta miƙo maka wannan.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma don Allah kada ka rufe ni don tausayi. Kai ka ga dubban masu zaɓen kwamfuta. Yadda maigidana yake zaɓe, haka mutane suke yi? Ka taɓa lura da wani abu game da idonsa? Akwai mutumin da yake tsare saboda wannan magana.

Allah ya ba da kasuwa.

Matar marigayi

*

Zuwa ga Madam,

Amin wa'alaikumus salam. Kasuwa sai godiya. Allah ya jiƙan maigidanki, Oga Taifis, ya ba ki haƙuri. Yaya za a yi in manta ki? Ke ce kika taɓa ce mini in kawo masa katifa shagon tunda ya tare.

Kin ce kada in rufe ki, to ba zan rufe ba.

Masu zaɓen fuska kala-kala ne. Ɗan makaranta mai sheƙi yake so, wadda launi ke tsalle a cikinta, don kallon fim. Mai zane yana son wadda in ka karkata gefe launinta ba ya juyewa. Wanda ido ya fara gajiya kuwa babba yake nema, ya ƙara girman rubutu, shi ke nan. Oga ne kaɗai na gani yana neman haske mai ƙarfi, baƙi mai kauri, ba sheƙi, amma kuma ƙarama. Na yi ta tura masa mai inci goma sha bakwai, ina yabon ta kamar ɗiyata, shi kuma yana juya kai daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai kallon ƙwallo. Ya ce, "Wannan fili ne, ni ɗaki nake nema."

Wata Asabar kin fita sayen maɓalli a shagon kusa. Na miƙa masa ruwa ta hagunsa, hannuna a miƙe har ya gaji, bai karɓa ba sai da na taɓa shi. Ya sha ruwan. Can ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ka gani ya tsaya a shagon nan. In na sami wadda zan iya aiki da ita, da bakina zan gaya mata, ga kwamfuta a hannu, ta ga aiki bai tsaya ba. Ba na so in kai mata labarin ido kawai." Na ce ya je asibiti. Ya ce bayan nan, tare za ku je. Na yi masa alkawari.

Ranar da abin ya faru ya kira ni ya ce in fito masa da ƙaramar nan marar sheƙi, yana tafe. Ina bakin ƙofa ina goge gilashi na hango shi a tsallake, shi kaɗai. Ya juya gaba ɗayansa ya duba hagu, ya juya ya duba dama, ya daɗe yana duban daman saboda masu babur. Kafin ya gama motar ta fito daga kwanar hagu. Bai sake dubawa ba ya taka. Madam, direban ba gudu yake ba. Ya danna hon, ya taka birki, ko tiren burodi ɗaya bai zube ba. Gefen motar ne ya ture shi, kansa ya bugi bakin kwalbati. Direban ne ya ɗauke shi da hannunsa ya kai asibiti.

Za ki ce me ya sa na yi shiru. Na ce wa kaina alkawari ne. Amma gaskiya akwai tsoron ɗan kasuwa a ciki, kada a yi ta kirana ofishin ƴan sanda ina rufe shago. Tun da na ji an tsare mutumin nan ba na jin daɗin tsayawa a bakin ƙofata.

Alkawarin nasa ne, yanzu kuma ke ce magajiyarsa. In kin ce in faɗa, zan rufe shago in je in faɗa.

Kwamfutar tana ƙarƙashin kanta a kwalinta. An taya ta na ce an saya.

Naki,
Mai Shago

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da man zafi, ya yi mini amfani. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Na ji maganarki, kuma na yi niyyar bi. Amma na riga na aika wa mai shagon kwamfuta tambaya, ga amsarsa nan na haɗo miki, ki karanta da kanki. Ni da na karanta sai da na rufe shago na shiga bayan labulen gwaji na zauna. Ashe duk Asabar ɗin nan da nake tsaki, shiri yake yi na yadda zai gaya mini ba tare da na tsorata ba.

Sai kuma ga abin da ya faru jiya. Wata mata ta shigo da goyo, ta miƙo mini rigar yaro wai hannun ya yage. Ina dubawa na ga ba yagewa ba ce, da reza aka bi ɗinkin aka farke shi a hankali. Na ce, "Baiwar Allah, wannan ai ke kika farke." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban san da me zan shigo ba. Ni ce matar direban."

Yaya, keken ya tsaya da kansa.

Ta ce, "Ban zo roƙo ba, an ce mini ma kada in zo. Saƙo ya ba ni. Ya ce in gaya miki wallahi ya danna hon. Ya ce kuma a mota, kafin su isa asibiti, maigidanki ya yi magana sau ɗaya, ya ce masa, yaro, ba kai ba ne."

Na ce me ya sa bai gaya wa ƴan sanda ba. Ta ce, "Ya faɗa. Suka ce kowane direba haka yake cewa."

Na mayar da hannun rigar, na bi shi sau biyu don ya yi ƙarfi. Ta tambayi nawa ne na ce ta je. Ina da takardar mai shago da za ta fitar da mijinta a cikin aljihun jakata, na bar ta ta fita da riga kawai. Ɗan da ke bayanta yana ta miƙo hannu yana son tef ɗin awo da ke wuyana.

Kin ce kada a kira shi makaho a kotu. Ni ma ba na so. Amma shi da kansa, da sauran numfashinsa, ya wanke yaron nan. In muka yi shiru, maganarsa ta ƙarshe muka ƙaryata. Ni na riga na ƙi raka shi sau ɗaya, ba zan iya ƙi na biyu ba.

Ba zan je a ɓoye ba, shi ya sa nake gaya miki, amma zan je. Abu ɗaya nake roƙo. Ke ce ya fi sakin jiki da ke. Bai taɓa ce miki komai ba, ko da wasa?

Ki yafe mini in na saɓa miki. Na bar ki lafiya.

Matar ƙanenki

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Na karɓi saƙonki da na mai shago.

Ya taɓa ce mini.

Ba ki riski Babanmu da idonsa ba, kin same shi yana zaune ana yi masa jagora, aka ce miki tsufa ne. Ba tsufa ba ne, hawan jinin ido ne. Ta gefe yake ci a hankali, ba ciwo, ba ja, har sai ya bar wa mutum ɗan rami a tsakiya. Da karo da ƙofa Baba ya fara. Yana bin jini, kuma in an gano shi da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi.

Bara Auta ya kira ni, muna cikin hira ya ce, "Yaya, na Baba ta gefe ya fara ko ta tsakiya?" Ina da tukunya a wuta. Na ce ta gefe, na tambaye shi jarrabawar Ƴar Baba, muka yi sallama. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa baƙi su je a duba su.

Tun takardarki ta farko na tuna. Na rubuta miki abin da na rubuta ne don na fi so a ce direba ne.

Ki je. Ƙafa ba za ta bar ni in zo ba, amma ga bayanina a rubuce game da Baba da wannan kira, na sa hannu, ki ba ɗan sandan. In alƙali yana son ji daga bakina a kira ni a waya. Ki ce wa mai shago ya faɗi duk abin da ya gani.

Kuma da Ƴar Baba ta dawo hutu, kafin ta kwance jaka, ki kai ta a auna mata ido. Wannan ba shawara ba ce.

Ki yafe mini, ni ma.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Mun je ni da mai shago, na ba da takardarki. An saurare mu. Alƙali ya ba da belin direban, ya kwana a gidansa, lauya kuma ya ce da wuya maganar ta yi nisa. Babu wanda ya kira ƙanenki makaho. Ɗan sandan cewa ya yi, Allah sarki.

Da muka dawo na tsallaka titin na shiga shagon. Ya fito da kwamfutar daga kwali ya kunna mini. Ƙarama ce, ba ta kai faɗin tiren shayinmu ba. Na duba da kyau yadda yake so in duba. Baƙinta baƙi ne, Yaya, kuma ban ga fitila a cikinta ba.

Ƴar Baba za ta dawo ranar Asabar. Na karɓo mata katin asibitin ido. Ta kira jiya tana kuka, ta ji an saki direban, tana tambaya wa ya tsaya masa. Na ce sai ta zo.

Ban gaya mata ba tukuna. Ban gaya mata na idonsa ba, ban kuma gaya mata abin da na ce masa a bakin ƙofa ba.

Na bar ki lafiya.

Matar ƙanenki